Sabon Ciki Ga Motar Baba

Yaya,

Sallama, tare da gaisuwar wanda ya daɗe bai taka gida ba. Ina fatan kwalin nan ya same ki lafiya, ke da Baban yara da yaran gaba ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Ta ce mini ta warke, amma kin san Inna, ko a kan gadon asibiti take sai ta ce ta warke. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tarin da sanyin wurin aiki ya sa mini, shi ma ya tafi.

Na rubuto ne saboda a waya ba ma samun yin magana. Da kin ɗauka Inna ta karɓe, kafin ta gama gaya mini waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu, lokacin komawata aiki ya yi. Kuma abin da ke cikin kwalin nan sai an gani da ido.

Maganar motar Baba ce, wadda muke kira Tsohuwa. Hoton nan da kika turo na yara a cikinta, kowa yaran yake kallo, ni dashbod nake kallo. Ya tsage tun daga wajen agogo har gindin gilashi. Allon cikin ƙofar direba ya kumbura ya ɓare, mariƙin kuma na ga da waya aka ɗaure shi. Yaya, wannan fa shi ne aikina kullum. Mutanen da ban san daga inda suka fito ba nake gyara wa cikin mota su tafi suna murmushi, motar ubana kuwa da waya ake jan ƙofarta.

Mai shagonmu ya samo mini sababbin allunan ciki daidai awon Tsohuwa: na dashbod, na ƙofofi, da na kewayen giya. Ba na kamfanin da ya ƙera ta ba ne, amma suna zama cif. Tsirara suke zuwa, roba zalla, sai an zaɓi abin da za a lulluɓe su da shi. Shi ya sa na yanko muku samfura, kowane kamar tafin hannu.

Akwai baƙi mai sheƙi kamar madubi. Ranar farko babu abin da ya kai shi kyau, amma ko yatsa aka ɗora sai ya nuna, kuma da yaranki a mota ban ba shi mako guda ba. Akwai mai zanen katako, ja mai duhu, shi nake zaton Baba zai ɗauka, don irinsa ne a motar maigidan da ya daɗe yana tuƙawa kafin ya yi ritaya. Akwai mai kama da azurfar da aka goge da burushi. Akwai baƙi mai ƙananan zane kamar saƙar tabarma, na samari ne masu son a ce motarsu ta gudu ce, na sako shi ne don Inna ta yi dariya. Sai baƙi marar sheƙi, da fata mai ɗinki a gefe.

Kada ku zaɓa a cikin ɗaki, hasken ɗaki maƙaryaci ne. Ku fitar da su waje, ku ɗora a kan dashbod, ku duba da safe ku sake dubawa da rana tsaka. Ke tela ce, kin san yadda yadi yake sauya kama tsakanin shago da titi.

Kuma kada ki ce masa kyauta ce, zai ce almubazzaranci. Ki ce masa gwaji nake yi, na rasa motar da zan gwada a kai.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Amin, wa alaikas salam. Kwalinka ya iso lafiya, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Muna nan ƙalau. Ƙafar Inna da sauƙi na gaske, yanzu har bakin titi take zuwa ba tare da ta dafa bango ba. Baban yara yana kan hanya kamar kullum, aikin nasu ba ya barin mutum ya ɗumama kujera. Ka riƙa rufe ƙirjinka, tari a wajen mai shaƙar warin gam a wurin aiki ba abin wasa ba ne.

Inna ta yi dariyar da ka so. Ta ɗaga mai saƙar tabarman ta ce in dai tabarma kake so a mota, akwai tsofaffi a bayan ƙofa, sai a aiko maka. Ita mai azurfar ta zaɓa, wai ya yi kama da sabuwar tukunya. Ni fatar ce ta tafi da ni. Na juya ta na duba ɗinkin ta baya, ban ga inda zare ya yi tsalle ba. In kai ka yi shi, to ka zo in ba ka keke ɗaya a shagona.

Na kai wa Baba da la'asar, yana zaune a ƙofar gida tare da maƙwabta. Na jera masa su a kan tabarma, na faɗa masa abin da ka ce in faɗa. Bai kalli ko ɗaya ba. Ya ce in tattara in shigar da su ciki. Ya ce in gaya maka Allah ya yi albarka, amma kada ka wahalar da kanka a kan Tsohuwa.

Shawarata, ka ɗan dakata da aikin tukuna. Kada ka yanka komai, kada ka liƙa komai. Sauran magana sai a hankali.

Ina sauri ne, akwai mai kayan da ta zauna mini a shago tun safe ta rantse ba za ta tashi ba sai da rigarta.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa gare ki da kowa da kowa. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Tarina ya tafi, kada ki damu.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin teburin aiki, na sake karantawa a zaune, ko zan ga wata ma'ana daban. Ban gani ba. "Bai kalli ko ɗaya ba." Da a ce ya duba ya ce ba su yi masa ba, wallahi da ban ji komai ba, kullum sai mai mota ya faɗa mini haka. Amma mutum ya zauna ya yanka, ya naɗe gefe, ya goge, ya aiko daga wannan nisa, a jera a gabanka, ka kasa ko sunkuyar da kai.

Na san daga inda abin ya taso. Tun ranar da na bar karatun injin na kama wannan sana'a Baba bai taɓa tambayata yaya aiki ba. Yaya jiki, yaya sanyi, yaushe za ka yi aure, shi ke nan. Kina wurin ranar da ya ce wa Kawu, "Ɗan direba ya koma mai yi wa mota kwalliya." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauka shekaru sun wanke maganar. Na ɗauka in ya zauna cikin motarsa ya ga abin da hannuna yake iyawa, ko bai ce komai ba zan ji labari a bakin Inna.

Ba na jin haushinsa, uba ne. Amma na gaji da miƙa abu ana ce mini Allah ya yi albarka ba tare da an karɓa ba.

Ki ba yara samfuran su yi wasa da su. Allunan zan mayar wa mai shago, akwai masu nema. Aiki ya yi mana yawa kwanakin nan, in kun ji ni shiru kada ku ce wani abu ne.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san ko gaisuwar tana isa ba, tunda wayarka ta koyi yin ƙara har ta gaji. Inna tana lafiya, sai dai kullum ta ji wayata ta yi motsi sai ta ɗago kai. Yara lafiya. Wata ya fita wani ya shiga ba mu ji muryarka ba. Da kana kusa da na ja kunnenka kamar da, ban damu da gemun da aka ce ka tara ba.

Zauna ka karanta wannan da kyau, don kuskuren karatu ne ya kawo mu nan, kuma nawa rubutun ma bai taimaka ba.

Baba ba ya gani sosai, Auta.

Kafin kwalinka ya iso, wata safiya ya fito da Tsohuwa da baya daga gida, ya bugi kurar mai ruwa. Jarkoki suka watse, mai ruwan ya yi tsalle ya tsira, ko ƙwarzane bai samu ba. Kurar tana nan daidai gefensa, da rana fes. Baba ya fito yana ta cewa, "Daga ina ya ɓullo? Daga ina?" Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan sitiyari bai taɓa taka ko kaza ba. Washegari na tasa shi gaba sai asibitin ido. Likita ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa ta gefe-gefe bai faɗa ba. Yanzu kamar ta cikin bututu yake leƙen duniya, abin da ke tsakiyar ma dishi-dishi, kuma haske mai ƙarfi yana soka masa ido. Abin da ya tafi ya tafi. Maganin ɗigawa da aka ba shi na tsare abin da ya rage ne. Tuƙi kuwa ta ce ya ƙare.

Da muka dawo shi da kansa ya rataye makullin a ƙusar bayan ƙofa. Ya tara mu ni da Inna ya ce kada wanda ya ji, har kai. Na ce Baba, Auta fa ɗanka ne. Ya ce shi ya sa, yaro yana can shi kaɗai, me zai yi da labarin in ban da ya hana shi barci. Maƙwabta ma ce musu ya yi motar ce ba ta da lafiya.

Shekaranjiya ya kira ni ya ce, "Wai yaron nan lafiya? Ko wayarsa ce ta lalace?" Na gaji da rufa-rufa. Na ɗauko wasiƙarka na karanta masa tun daga sama har ƙasa, ban tsallake maganar kwalliya ba. Na ninke wasiƙar na ajiye. Can ya ce, "Na so in kalla. Na ga kin jera wasu abubuwa baƙaƙe a kan tabarma, ɗaya ya hasko ni kamar an soka mini allura. Ga mutane zaune dama da hagu. In ɗauko in kai bakin hanci ina leƙe a gabansu?" Sai ya ce, "Rubuta masa. Gaya masa duka."

To ka ji. Ba ƙin kallo ya yi ba.

Yanzu wata sabuwa ta taso. Ya ce a sayar da Tsohuwa, har ya sa Dogo bakanike ya nemo mai saye. Ni ban yarda ba. Ga asibitinsa, ga na Inna, Baban yara ba mazauni ba ne, kuma ka san yadda hawa motar haya yake ga mai ido biyu ma. Na ce masa zan koyi tuƙi in riƙa kai su. Inna ta riƙe haɓa ta ce da girmana da 'ya'yana. Shi kuwa cewa ya yi, "Ke ki tuƙa, ni in zauna a ina? A kujerar mai zaman banza?" Ya tashi ya shige ɗaki yana laluben labule.

Ban san me zan ce maka game da allunanka ba. Wataƙila kafin amsarka ta zo motar ta bar gidan. Amma ka kira uwarka.

Yayarka

*

Yaya,

Allah ya sa ku tashi lafiya, ya ba Baba sauƙi, ya tsare masa abin da ya rage. Na kira Inna kamar yadda kika ce. Ta yi mini faɗa, ta yi kuka, sannan ta ba ni labarin haihuwa uku. Da ta miƙa wa Baba mun gaisa kawai. Ya tambaye ni sanyi, na tambaye shi jiki. Dukanmu mun san akwai sauran magana, babu wanda ya taɓa ta. Ki yi haƙuri da shirun da na yi muku. Kina ɗauke da wannan duka ni kuma ina can ina kumbura.

Ban mayar da allunan ba. Suna nan jingine a bayan teburina, duk lokacin nan na kasa kai su.

Bayan na karanta wasiƙarki na yi wani abu da abokan aikina suka ɗauka na taɓu. Na ɗauki tabaran da muke sawa lokacin yanka, na liƙe shi da takarda na bar 'yar ƙofa a tsakiyar kowane ido, na ɗan shafa mai a wurin. Na shiga wata mota da muka gama ranar, wadda nake ta alfahari da ita, baƙi mai sheƙi ko'ina. Na zauna a gefen direba da rana tsaka. Yaya, ban iya daɗewa ba. Dashbod ɗin ya kwaso rana ya watsa mini a fuska, hotonsa kuma ya hau gilashin gaba ya rufe titin. Da na tashi fita sai na rasa mariƙi. Baƙin mariƙi a kan baƙar ƙofa, ni da na ɗaura shi da hannuna, sai da na yi ta shafa kamar mai neman allura a ƙasa.

Na daɗe ina wannan aiki, kullum tambayata ga mai mota ita ce wanne ya fi maka kyau. Ban taɓa tambayar kowa wanne kake iya gani ba.

Ga sababbin samfura. Babu mai sheƙi a cikinsu ko ɗaya. Na dashbod duhu ne masu shanye haske, ba sa mayar da shi. Na ƙofofi na bambanta su ta taɓawa: akwai mai laushi kamar bayan kunnen akuya, akwai mai ɗan kaushi, akwai fatar nan da kika yaba, i, ni na ɗinka. Mai laushin yana da daɗi amma yana riƙe datti, mai kaushin ya fi jure yara da zafi. Na yanka gefen kowanne daban, wani da zagayayyar kusurwa, wani da tsaga, don ya gane su da yatsa ba sai ya tambayi kowa ba. Na sako kuma mariƙai biyu, ɗaya ruwan madara, ɗaya ruwan ɗorawa. A kan ƙofa mai duhu, ko da ta gefen ido ne, hannu zai same su. Haka zan yi wa maɓallin gilashi da bakin bel ɗin kujera.

Wannan karon kada ki kai masa gaban mutane. Ki ajiye a ɗakinsa inda hannunsa zai kai, ki fita. Kada ki tambaye shi komai.

In ya dage sai ya sayar, motarsa ce, ba zan ja da shi ba. Amma in ta ni ce, ki koya. Wadda take sarrafa keken ɗinki da ƙafa, hannu yana jan yadi, baki yana ciniki, kulocin mota ba zai gagare ta ba.

Ki sanar da ni duk yadda ake ciki, ko layi biyu ne.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa daga gidan nan duka. Na san na bar ka cikin zullumi, Inna ta ce kullum ka kira sai ka tambaya ko an sayar, ita kuma ta ce maka ita ba ta shiga maganar mota. Yanzu ka ɗanɗana yadda shiru yake. Ba ramuwa na yi ba, jira nake in ga inda abin zai tsaya kafin in rubuta, kada in sake aiko maka da rabin magana. Mun koma asibiti, likita ta ce maganin yana aiki, idon bai ƙara lalacewa ba. Mun gode Allah.

Tsohuwa tana nan.

Dogo ya kawo mai sayen, wani mai ƙaton agogo. Ya zagaya ta, ya shuri taya, ya buɗe ƙofa ya maido ta da ƙarfi har gilashi ya yi ƙara. Na ga Baba ya runtse ido. Mutumin ya ce shi injin kawai yake so, sauran zai farfasa ya sayar wa masu kayan gyara. Baba ya ce, "Dogo, raka baƙonka." Dogo ya ce, "Baba, ai ba mu yi magana ba." Ya ce, "Mun gama."

Bayan kwana biyu na sauko da makullin daga ƙusa a gabansa, na karkaɗa shi yadda zai ji, na ce Dogo zai fara koya mini a filin bayan makaranta. Bai hana ba, bai kuma ce Allah ya kiyaye ba. Tun a ƙofar gida motar ta mutu mini sau ba adadi. Dogo yana ta ihu, "Saki! Taka! A'a, ɗayan!" Na murɗa giya ta yi wata ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Sai ga Baba a jikin taga, ban san lokacin da ya taso ba. Ya ce, "Dogo, fito. Za ku kashe ta a banza."

Ya zagaya yana dafa bonet har ya kai ɗaya ƙofar. Ya tsaya a nan ɗan lokaci, sannan ya shiga ya zauna. Da ya zo jan ƙofar ya yi ta shafa bai sami mariƙin ba. Na kau da kai kamar ina gyara madubi har ya samu.

Auta, da kunne yake koya mini. Ya jingina kai ya lumshe ido, ya ce, "Ji ta. Ta fara nishi, ba ta giya ta biyu." Ko, "Kin riƙe mata wuya, sassauta ƙafar hagu." Ya san ramukan titinmu a ka, kafin mu kai sai ya ce in rage. Faɗa kuwa ba a magana, na sha shi kamar 'yar firamare. Ranar da na kai mu asibiti na dawo da mu motar ba ta mutu ko sau ɗaya ba, cewa ya yi, "To, ba laifi." Inna ta ce a bakinsa wannan lambar yabo ce.

Amma kada ka ɗauka komai ya wuce. Wata rana da hantsi na leƙo ta tagar kicin na gan shi zaune a kujerar direba shi kaɗai, injin a kashe, hannunsa biyu a kan sitiyari. Ya daɗe a haka. Ban fita ba. Da ya shigo bai ci abinci ba, ranar kuma ba mu yi darasi ba.

Samfuranka na yi yadda ka ce. Na ajiye su kusa da rediyonsa na fita. Ban san ko ya taɓa su ba. Sai da Inna ta zo wanki ta tsinci biyu a aljihun rigarsa. Yanzu in yana zaune za ka ga hannunsa cikin aljihu yana murza wani abu. Jiya na same shi a mota ya kara mariƙin nan ruwan madara a jikin ƙofa, yana matsar da kai baya yana dawo da shi.

Yau da safe ya ce in nemo takarda da biro mai kyau. Tasa wasiƙar tana cikin ambulan ɗin nan. Hannuna ne, amma ban ƙara ko wasali ba, har inda ya ce in goge na ƙi gogewa.

Yayarka

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ina lafiya, uwarka tana lafiya. An ce ka yi tari, ka nemi abin rufe hanci mai kyau, ba irin na takarda ba.

Yayarka ta gaya maka halin idona. Haka Allah ya so. Na ga hanya iyakar rabona, ba ni da ƙorafi.

Ga abin da na zaɓa. Dashbod ka sa mai duhun nan da ba ya mayar da rana, na gwada shi da azahar bai dame ni ba. Ƙofofin baya ka sa mai kaushi, saboda jikoki. Ƙofar direba ka tambayi mai ita, ta ce fata take so, ka yi mata. Tawa ƙofar, ta gefen dama, mai tsaga a gefe nake so, shi ne ba ya zame wa hannu in an yi gumi. Mariƙi ruwan madara. Ruwan ɗorawan ya fi fitowa, amma Tsohuwa ba motar haya ba ce. In da hali ka ƙara mini wani mariƙin a sama, don yayarka har yanzu tana shan kwana kamar ana bin ta. Ta ce ba za ta rubuta wannan ba. Rubuta.

Mai zanen katakon da ka aiko da fari na sa an nemo mini shi. Ka yi daidai, da shi zan ɗauka. Ka sa ɗan kaɗan a kewayen giya. Ba zan gan shi sosai ba, amma zan san yana nan.

Maganar da na yi wa kawunka, na yi ta. A lokacin abin da na sani game da mota shi ne abin da ke ƙarƙashin bonet, sauran duk ado na ɗauke shi. Yanzu da na koma zama ina shafa ƙofa, na ga akwai aiki a wurin. Na bi gefen fatar nan da yatsa ina neman inda ka haɗa ta. Na yi kwanaki ina nema ban samu ba. Wa ya koya maka? Goge wannan tambayar, in ka zo ka gaya mini da bakinka.

Kada ka aiko da allunan a kwali. Dogo mutumin kirki ne, amma da guduma yake gaisawa da komai, ban yarda ya taɓa su ba. Ka nemi hutu ka taho da su ka ɗaura da hannunka. Za mu zo tasha mu ɗauke ka, ita tana tuƙi. Ranar aikin kuma ba sai ka nemi mataimaki ba. Ka ba ni kujera kusa da kai, ka zuba mini notuna a cinya. Ka faɗi wanda kake so, zan miƙo maka.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka